Baba Yari, Jagoran Rumfa Doguwa

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Da hantsin ranar Laraba, 13 ga Agusta, 2025, ina kan keken ɗinki, Farida ta bugo mini waya ta ce Allah Ya karɓi ran mahaifinta, Malam Yari Dabai, wanda duk kasuwa ke kira Baba Yari, bayan gajeruwar jinya. An kai shi makwancinsa bayan la'asar. Da muka juyo daga maƙabarta abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai, kuma na san ba ni kaɗai ba ne: shin yawon Asabar na Rumfa Doguwa ma mun binne shi tare da kai ke nan, Baba?

Ga wanda bai san wurin ba, Rumfa Doguwa layi ne a cikin tsohuwar kasuwarmu ta Zuru. Rumfuna ne hagu da dama, rufi ɗaya ya haɗe su tun daga ƙofar gabas har ƙofar yamma, inda ni Zakiyyu tela nake zaune da kekena. Azarar giginya ce ke ɗauke da kwanon, ta yi baƙi ƙirin don hayaƙi da tsufa. Dattawan layin suna cewa tsoffin sojojin da suka dawo daga yaƙi ne suka kafa ginshiƙan, 'yan golmo kuma, wato samarin da ke noman gayya a gonakin surukansu kafin aure, su suka ɗauko azarar a kafaɗa daga daji. Kai ne kafintan da ya riƙe wannan rufi tun ina yaro. Duk inda ya fara yoyo, kai ake aika wa.

Da gwiwa ta ƙi tsani, ba ka koma gida ka kwanta ba. Zuru garin sojoji ne, kuma muna da 'ya'ya da jikoki da yawa da aka haifa a barikin Kaduna da Jos da Ikko. Sai su zo gida hutu, su ratsa kasuwa kamar baƙi, ba su san ko rumfar da kakarsu ta zauna ba. Wannan ya dame ka. Sai ka fara tsayawa a ƙofar gabas kowace Asabar da safe, riƙe da tsohuwar laimarka baƙa, kana jiran duk mai son a zagaya da shi. Da farko biyu ne ko uku. Daga baya har malaman makaranta na kawo ɗalibai, 'yan bautar ƙasa ma suna zuwa da wayoyinsu.

Kalmarka ta farko ba ta canzawa. Sai ka ɗaga laima ka nuna sama, ka ce, "Ku ɗaga kai, 'ya'yana. Wanga icce ya girmi ubanku." Na sha kallon fuskokin mutane a wannan lokaci. Wanda ya shigo yana surutu sai ya yi tsit, ya ga azara bisa azara ta miƙe har inda ido ya gaza, ga haske na saukowa ta 'yan ƙananan huji yana sauka a kan tulin barkono da ƙullin goro. Ni da nake kwana ina tashi a ƙarƙashin rufin nan, sai da ka sa baƙi suka ɗaga kai sannan ni ma na ɗaga nawa. Har yau tsigar jikina na tashi idan na tuna hannu ne kawai da igiya suka ɗora wannan nauyi.

Amma daga maganar rufi, shi ke nan, ka rufe bakinka. Nan ne jagorancinka ya bambanta da na kowa. Kana isa rumfa sai ka ƙwanƙwasa ginshiƙi da laima, ka yi sallama, ka ce, "Mai rumhwa, ga baƙinka." Sai ka ja gefe ka jingina. Mai rumfa ne zai faɗi wanda ya fara zama a wurin, da abin da ake sayarwa a da, da yadda ta zo hannunsa. Idan baƙo ya juyo ya tambaye ka, sai ka ce, "Ni ruhi kaɗai nis sani. Abin da ke ƙasa, masu shi suna nan da ransu." Na sha yi maka tsiya a kan haka. Na ce, "Baba, wannan ai kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi ne. Mu da magana, kai da suna." Ka yi dariya har da tari, ka ce ba ka taɓa ganin kura mai keken ɗinki ba.

Sai kuma dokarka, wadda ba ka taɓa sassauta wa kowa ba. Duk wanda ya gama labarin rumfarsa, ba zai sallami baƙi ba sai ya faɗi alheri guda ɗaya na maƙwabcinsa na gaba, sannan ya miƙa su gare shi. Kuma ba a maimaita na satin da ya wuce.

Duk layin na tuna daminar da Mama Leah mai daddawa, wadda rumfarta ce ta farko, ta yi faɗa da Mika mai garma, maƙwabcinta, a kan indararo da ke zubo ruwa cikin tabarmarta. Ko gaisuwa ba sa yi. Asabar ta zo, ka kawo baƙi, ta ba da labarinta ta yi shiru. Ka tsaya kana kallon rufi kamar ba ka san abin da ake ciki ba. Da shirun ya yi yawa, ta ce, "Mika? Garmarshi dai ba ta karyewa. Ku tahi." Sati na gaba ta so ta sake faɗin garma, ka ce, "Wanga kin hwaɗi, Leah. Nemo wani." Ta harare ka, ta daɗe tana gyara ƙullin daddawa. Can ta ce, "Ran da ɗana ya hwaɗi bisa mashin, shi ya ɗauke shi ya kai asibiti. Ban manta ba." Mika yana jin ta, yana sa ƙota a garma. Ya ajiye gudumar da ke hannunsa. Ran Litinin da sassafe muka gan shi bisa tsani yana juya indararon da kansa. Kai kuwa goro kawai ka saya ka wuce.

Ni kaɗai dokar ba ta hau kaina ba, tunda rumfata ce ta ƙarshe. Gabana sai ƙofar yamma da ɗan bencin da kake hutawa a kai. Idan na gama labarin yadda ubana ya fara da rage wa tsoffin sojoji kakinsu ya zama rigar noma, sai ka ce, "Kai ka huta, tela. Gabanka sai ƙoha." Na daɗe ina jin daɗin wannan rangwame.

Ran Asabar da ta bi rasuwarka aka yi addu'ar uku. Muka dawo daga gidanka da hantsi, kowa ya buɗe rumfa ba don yana son ciniki ba. Farida ta ba ni laimarka, ta ce a kasuwa ta fi dacewa, na rataye ta a ƙusa bisa bencinka. Daga nan na tafi rumfar Mama Leah, muna tsaye muna jimami, hadari ya haɗo. Sai ga wata mata ta shigo ta ƙofar gabas da 'ya'yanta da ƙannenta, ta ce sunanta Praise, daga Jos suke. Mahaifinta marigayi soja ne ɗan Manga, nan kusa da Zuru, kuma tun watan jiya ta yi waya da Baba Yari ya ce su zo yau. Ina yake?

Aka gaya mata. Ta dafe ƙirji, ta yi mana gaisuwa, ta ce mu yi haƙuri da damun mu da suka yi, za su koma. A raina na ce to, ga ranar da nake tsoro ta zo. Sun juya ke nan ruwa ya kece, kwanon ya ɗauki ƙara daga wannan ƙofa har waccan, dole suka dawo ciki. Sai na ji muryar Mika daga rumfarsa, mutumin da ba ya son magana ko da 'yan'uwansa. Ya miƙe da ƙotar garma a hannu, ya nuna sama, ya ce, "Ku ɗaga kai. Wanga icce ya girmi ubanku."

Suka ɗaga kai, mu ma muka ɗaga. Ruwa na zuba kamar da bakin ƙwarya, amma ko ɗigo bai sauko a kanmu ba, aikin hannunka na nan daram. Mama Leah ta share ido da bakin zane, ta ba da labarin rumfarta, ta faɗi alherin Mika, sabo kuwa, ba wanda muka taɓa ji ba, ta miƙa su. Mika ya miƙa wa mai goro, mai goro ya miƙa wa mai gyaran rediyo. Ba wanda ya shirya, ba wanda ya ce wane kai ne na gaba. Na bi su a baya kamar baƙo, ina kallon ayarin na tafiya daga hannu zuwa hannu, Musulmi na yabon Kirista, Bahaushe na yabon Badakkare, babu jagora a gaba kuma babu wanda ya ɓata. Wallahi tsoro ya kama ni, irin tsoron da ke kama mutum idan ya gane girman abin da ya zauna kusa da shi shekara da shekaru. Ashe shirun nan da nake yi maka tsiya a kai, shi ne aikin. Kana zare hannunka a hankali don ka ga ko rufin zai tsaya, kamar yadda kafinta ke yi.

Da na ga sun kusa ƙarshen layi, na yi sauri na koma bakin kekena. Na ba su labarin ubana da kakin sojoji. Da na gama, na tsaya ina jiran muryar da za ta ce in huta. Praise ta riga ta gane dokar, sai ta ce, "Malam tela, wa ke gaba?" Na buɗe baki zan ce sai ƙofa, idona ya faɗa kan benci da laima. Rabin mutanen layin sun biyo su, suna tsaye suna jira. Na ce, "Baba Yari ke gaba. Alherinsa guda shi ne, duk abin da kuka ji yau ya san shi, ya fi mu iya faɗa, amma ya bar mana."

Baba, rangwamen da ka yi mini ya ƙare. Daga yanzu kowace Asabar akwai maƙwabci a gabana, kuma zan faɗi alherinka guda ɗaya bisa dokarka, ba maimaici. Ba na jin tsoron su ƙare kafin ni in ƙare.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna Fadima, uwargidansa, da Farida da 'yan'uwanta, da dangi na Dabai, da dukkan mutanen Rumfa Doguwa, masu masallaci da masu coci, waɗanda suka yi rashin uba tare. Allah Ya ba mu haƙurin jure wannan rashi. Ya Allah, Ka gafarta wa bawanka Yari, Ka yafe kurakuransa, Ka haskaka kabarinsa Ka yalwata shi. Ya yi rayuwarsa yana tsare mutane daga rana da ruwa. Ka sanya shi a inuwarka ranar da babu wata inuwa sai taka. Amin.

Zakiyyu Tela,
Rumfa Doguwa, Zuru.