Oga Bulus mai zana falo a kwamfuta ya tafi

Labarin ya same ni da safen nan ina shago, ina tsakiyar goge katako. Saratu ce ta kira, ƙanwar Oga Bulus. Ta ce, "Yakubu, Yaya ya huta."



Yawancinku ba ku taɓa ganinsa ba, don ba ya fita. Amma idan kun taɓa shiga shagona a Kafanchan kuka ga hotunan falo a bango, masu kujeru da labule da hasken rana kwance a kan tayil, to aikinsa ne. Babu ko ɗaya a cikinsu da aka ɗauka da kyamara. Duk a kwamfuta ya gina su.

A ƙarshen shekarun 1990 na san shi. Da can mai zanen gini ne a Kaduna. Mota ta kife da su a hanyar Kwoi, bayansa ya taɓu, ƙafafu suka daina aiki. Aka dawo da shi gidan haya wajen mamarsa, ɗaki ɗaya mai ƙaramar taga. Ƙofar ma ta yi wa keken guragu kaɗan, mai gidan kuma ya hana a fasa.

Tsohon ogansa ya aiko masa da wata tsohuwar kwamfuta. Aka kira ni, a matsayina na kafinta, in yi masa teburin da zai hau kan gado. Da haka muka saba.

Wata rana ya ce in kawo masa awon kujerun da nake yi da guntun yadin kushin. Da na dawo ya juyo mini da kwamfutar. Ga kujeruna a wani babban falo, har da inuwarsu a ƙasa. Na kai wa wani mai sayar da citta hoton, ya duba ya ce, "Gidan wa ne wannan? Kai ni in gani." Da ƙyar ya yarda babu gidan.

Kwamfutar nan kuwa sai ta wuni tana fito da hoto ɗaya, layi bayan layi, daga sama zuwa ƙasa. Sau da yawa saura kaɗan ya gama, a ɗauke wuta.  In an kawo wutar, ya sake daga farko.

Yakan aike ni in zama idonsa. "In ka kai kaya gidan nan, ka duba mini yadda rana take faɗuwa a labulensu. Ja take yi ko rawaya?" In na dawo, sai ya yi ta tambayata har in gaji.

Da matata ta kwanta asibiti, shi ne ya riƙa aiko Saratu da kunu kullum. Mutumin da ba ya iya tashi daga gado.

Sau ɗaya muka ɗauka ƙofa ta buɗe masa. Wani kamfanin gine-gine a Abuja ya ga aikinsa, suka ce ya zo. Muka ɗauki shatar mota, ya sa farar rigarsa ta zuwa coci. Da muka isa, ofishin yana can saman bene, babu lif, sai matakala. Ni da direba muka ɗauke shi a hannu, mutane suna matsa mana hanya suna sannu. Suka yabi aikin sosai. Sai manajan ya kalli matakala, ya kalle shi, ya ce za su kira.

Ba su kira ba. Shi ma ya sani tun a wurin.

A hanyar dawowa muka iso wajen Kagarko. Ya ce direba ya tsaya a buɗe masa ƙofa. Ya daɗe yana kallon gonaki. Da na ce yamma tana yi, ya ce, "Kada ka yi sauri, Yakubu. Ɗakin ba inda zai je."

Ya koma ɗakin nan, ya ci gaba da zana wa wasu manyan falo, shekara da shekaru.

Ganina da shi na ƙarshe bayan Ista ne. Ido ya yi rauni, hannu ba ya riƙe linzamin kwamfuta. Muka yi hira, muka yi dariya. Da na tashi tafiya sai ya kama hannuna.

"Yakubu, in lokaci ya yi, kai za ka yi mini akwati."

Na ce, "Haba Oga, bar wannan magana."

Ya ce, "Na gaya maka dai. Kuma don Allah ka yi shi da faɗi. Na gaji da matsi."

Na rufe shago yau. Na ware katakon da ya fi kyau, na kuma ƙara wa awon akwatin gawar faɗi yadda ya ce.

Ya Ubangiji, ka karɓi bawanka Bulus, ka ba shi hutu a wurinka. Ka ta'azantar da Saratu da ta riƙe shi tun rasuwar Mama.

Ku da kuka karanta, Kirista da Musulmi, ina roƙonku ku sa shi da iyalinsa a addu'a. Ni ma ku tuna da ni, don aikin gobe ba zai yi mini sauƙi ba.