Mushe Feliks da Ɗiyar Makiyayi

A shekarar 1963 aka turo malamin makaranta, Mushe Feliks, ƙauyenmu da ke kusa da Dumega. Ɗan Dogon Dutsi ne, Kirista, dogo siriri, ba shi da komai sai keke da akwatin littattafai. Lakwal ɗinmu, wato makarantar boko, a lokacin rumfar kara ce, mu kusan arba'in muna zaune a kan rairayi. Ni Kubra ina layin gaba.

Can baya kuwa akwai Hure, ɗiyar Manu makiyayi. Ta girme mu duka, shekararta biyu a aji ɗaya ko sunanta ba ta iya rubutawa ba. In ta zo Litinin, sai Juma'a a sake ganinta. Wanda duk ya yi mata dariya, zai sha ƙasa a hanyar gida.

Mushe bai taɓa ɗaga mata bulala ba. Wata Alhamis da babu karatu, ya hau kekensa har rugarsu. Ya iske ta bakin rijiya tana shayar da maruƙa, ta raba wa ƙannenta uku aiki, babu mai yi mata gardama. Ya daɗe yana kallo, sannan ya je ya gaida mahaifinta.

"Baba Manu, aron Hure na zo."

"Mushe, yarinyar nan kanta ba ya ɗaukar boko. Ka bar wahalar da kanka."

"Ba maganar boko ba ce. Yara shida aka rubuta bana daga rugagen nan. Ƙanana ne, hanya da nisa, ga rafi a tsakani. Mai kawo mini su nake nema."

Manu ya ce in dai wannan ne, ta iya.

Washegari a gabanmu Mushe ya miƙa mata takarda mai sunaye shida. Ya ce, "Kowace safiya ke za ki faɗa mini wa ya zo, wa bai zo ba, da dalili."

Ta juya takardar sama da ƙasa. "Mushe, ai ban iya karantawa ba."

"Kin san masu sunayen, rabin aikin ke nan."

Da aka fita shan iska ta ja ni bayan rumfa, murya ƙasa-ƙasa. "Kubra, wanne ne Shatu a nan?" Na nuna mata. Ta zana shi a ƙasa da tsinke, ta share, ta sake. Kafin a gama sussukar gero ta san shidan duka, ta fara tambayar sunayenmu. Fashi kuwa ya ƙare, don in ba ta zo ba yara shida ne a gida.

Wata safiya a watan Yuni ruwan farko ya sauka da ƙarfi, rafi ya cika. Har hantsi Hure da yaran ba su iso ba. Mushe ya kasa zama, sai leƙen hanya yake. Sai kusan azahar suka ɓullo, Hure tana goye da Umaru, ƙaraminsu, sauran riƙe da bakin zanenta. Ashe ta hana su ƙetarewa, ta zaunar da su gindin gawo har ruwa ya janye, suna kuka tana ba su fura.

Mushe ya dube mu ya ce, "Ku miƙe." Muka miƙe mata kamar yadda muke wa babban baƙon da ya zo daga Doso.

Ba ita kaɗai ya yi wa haka ba. Asiya mai in-ina ya ba aikin buga ƙarfen shiga aji, daga baya ya sa ta jagorantar waƙa, don a waƙa harshenta ba ya sarƙewa.

Hure ba ta ci jarrabawar sartifika ba, kuma abin ya fi yi wa Mushe zafi a kan ita. Amma ta fita tana karatu da rubutu, ta yi shekaru tana taimakon ungozoma a Tibiri, ita ke karanta wa mata takardun magani.

A 1968 aka mayar da Mushe Dogon Kiriya. Manu da kansa ya ɗora masa kaya a amalanke, ya raka shi har bayan gari.