Dutsen da Lasau Bai Yanka Ba

Lasau ake ce masa, don in ya tsinci dutse sai ya lasa kafin ya amsa gaisuwa. Wai busasshen dutse maƙaryaci ne, sai ya jiƙe yake nuna launinsa. Yankan tayil ya yi har furfura ta rufe shi, da ya bar aiki kuma ya ƙi barin injin. Tsaransa jikoki suke tarawa, shi duwatsu, irin waɗanda sai ƙarti biyu sun yi nishi. Ya tsaga su da inji, ruwa na zuba a kan faifan yankan, sannan ya bi su da takardar guga, daga mai kaushi zuwa mai laushi, har mutum ya ga haƙoransa a jiki. Marigayiya matarsa takan ce ita a gindin tsauni ta tare.

Ƙura ba ta yafiya. Ranar da autarsa ta ji irin tarin da yake yi, ta yanke hukunci: gidanta zai koma, can saman bene, inji ba ya zuwa, dutse kuwa ɗaya tak, don mijinta ba jaki ba ne.

Tun daga nan Lasau bai zauna ba. Daga baranda zuwa sito, daga sito zuwa bakin famfo, da jiƙaƙƙen tsumma a hannu. Ya shafa jan nan mai fararen jijiyoyi, ya wuce. Ya leƙa mai kogon da ke ƙyalli kamar sukari, ya wuce. Abinci ya huce, shayi ya huce. Ko'ina ya zaga sai ya dawo kan wani mummuna mai launin toka da ya daɗe yana zama a kai. Sau nawa ya ja masa layi da alli ya goge? In ka yanka a karkace ka kashe zanen ciki, dutse kuwa ba a ɗinke shi.

Ranar tashi, mota na jira a ƙofa, ya sake jan layin, ya kunna inji. Faifan ya matso, saura ƙiris. Ya kashe.

"Baba, duk masu ƙyallin nan, wannan kucakin za ka ɗauka?" in ji auta.

"Waɗancan sun gama magana. Wannan bai buɗe baki ba tukuna."

Surukin ya hau bene da shi yana kiran wayyo ƙugunsa, ladabi ya hana shi faɗin sauran.

Da safe auta ta ji ƙarar gurza. Ga Baba a tsugune da kwanon ruwa, da takardar gugar da ya ɓoyo a hula. Ta fara faɗan ƙura, ya nuna mata ruwan, bai ko ɗago ba. Wuri kamar farcen babban yatsa ya soma yin kore-kore. Ya sunkuya ya lasa, ya gyara tsugunno, ya ci gaba.