Ranar da Baba Ya Kaɗa Ƙararrawa Sau Biyu

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina share majami'armu, kuma duk wanda ya san bakina ya san ba na yabon mutum a banza. Amma Baba Mai Ƙararrawa, kai, a bar shi kawai.

Sana'arsa gyaran keke. Rumfarsa tana jingine da katangar majami'a, kwano biyu a kan sanduna huɗu, da wani tsohon baho da yake tsoma robar taya a ciki don ya gano inda ta huje. Da lokaci ya yi sai ya goge hannu da tsumma, ya shige ɗan ɗakin da igiyar ƙararrawa take rataye. Shekara arba'in yana wannan aikin. In ya gan ni da tsintsiya sai ya ce, "Sarauniyar ƙura, yau ma a kan kekunana za ki juye mulkinki?" Ni kuwa ba na barin ta kwana, nan take nake rama wa.

Bugunsa yana da ƙa'ida. In aure ne ko haihuwa, sai ya saki hannu da sauri da sauri, har tantabaru su watse daga rufi. In rasuwa ce, ɗaya-ɗaya yake ja, bugu guda ga kowace shekarar mamaci. Mata sukan ajiye wanki su ƙirga, tun kafin a aiko sun san ko yaro ne ko tsoho.

Da hannunsa ya buga wa matarsa hamsin da biyu. Ya buga wa ɗansa na fari goma sha tara, na biyun huɗu kacal. Bayan kowace jana'iza, ranar Lahadi za ka same shi a bencin baya yana rera waƙa da muryar nan tasa mai kama da tsohuwar ƙofa. Saura 'yarsa guda, Auta, wadda ta yi shekara shida da aure ba haihuwa. Da ta samu ciki, Baba ya hau tsani da kansa ya zuba wa ƙararrawa mai, muna ta yi masa ihu ya sauko kar ya karye mana.

Wata Talata da hantsi ina sharar baranda, sai ga Fasto tare da mijin Auta, idanunsa jawur. Suka tsaya a bakin rumfa.

"Baba," in ji mijin, "an samu namiji, yana lafiya. Amma Auta, jini ya ƙi tsayawa, ta rasu."

Baba ya ajiye sifanar da yake kwance noti da ita a hankali. Fasto ya dafa shi ya ce, "Baba, ka zauna, yau wani zai kaɗa." Baba ya girgiza kai, ya nufi ɗakin igiya. Na bi shi na tsaya a bakin ƙofa. A raina na ce shi ke nan, wannan karon Allah ya kai dattijon nan bango. In ya gama ya jefar da igiyar ya ce ya bar Ubangiji, wa zai ga laifinsa?

Ya fara ja. Ina ƙirgawa ina kuka, har ashirin da bakwai. Ya kifa goshi a bango, kafaɗunsa suna rawa. Na matsa zan kama shi, sai na ga ya sake naɗe igiyar a hannu. Ya saki bugun murna, da sauri da sauri, hawaye na zuba a gemunsa.

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. "Haba Baba! Gawar Auta ko sanyi ba ta yi ba! Me mutane za su ce?"

Bai kula ni ba sai da ya kai ƙarshe. Ya juyo yana haki.

"'Yata, yaron nan yau ya shigo duniya. Laifin me ya yi da za a tarbe shi da kuka kaɗai? Wanda ya ɗauki uwar, shi ya ba ni ɗan. Ban gane ba, kuma ba zan yi miki ƙarya in ce na gane ba. Zuciyata kamar an zuba mata garwashi. Amma na san Yesu bai bar ni ba a sauran ukun, yau ma bai tafi ko'ina ba."

Kunya ta rufe ni. A waje mutane sun fara taruwa, kowa na tambayar ɗan'uwansa mutuwa ce ko haihuwa. Baba ya ɗaga ƙafa zai fita. Ya miƙo mini hannu.

"Riƙe ni mu je asibiti," ya ce. "Har yanzu ban ga fuskar jikana ba."