Fuskar Idrisu a Allon Aski

Duk wanda ya ci waina a bakin kasuwar Assigamé a zamanin jam'iyya ɗaya ya san Barakatu, in bai san sunanta ba ya san bakinta. Mace ce da za ta wanke ka tas, ta ƙara maka waina gyara, ka tafi kana godiya. Ba ta mantuwa. Wadda ta ari turminta ta mayar da shi a tsage, har ta mutu Barakatu ba ta daina ba da labarin ba.

Mijinta Idrisu, ɓarawo ne ya daɓa masa wuƙa a gabanta da rana tsaka, saboda keke kawai, lokacin tana da cikin Djamila. Ba a kama shi ba. Hoton Idrisu ɗaya tilo kuma ya salwanta sa'ad da aka rushe tsohon Zongo. Barakatu ba ta damu ba, ta ce ita kullum bayan sallar asuba tana ganinsa tar a ranta, ta roƙa masa rahama.

Da auren Djamila ya matso, yarinyar ta ce ita ba ta son kwano ko atamfa, fuskar ubanta take so ta rataya a ɗakinta. Abin ya taɓa Barakatu ƙwarai. Ta ɗaura ɗamara ta nufi wurin Kimba, mai zana kawuna a allon masu aski.

Kimba ya sha wuya.

"Kai, wannan hanci ne ko doya? Rage shi!"

"Mama, doucement, a hankali..."

"Dusuman ɗin gidanku! Ƙanƙance idon. Sa tabo a nan, gefen baki."

Kullum sai ta je, ta tsaya a kansa, har ranar da ta tafa hannu ta ce shi ne, kamar an tsaga kara.

Aka tara mata a tsakar gida, aka yaye zane daga kan allon. Djamila ta fashe da kuka, ta kai hannu za ta shafa kumatun. Adjara, ƙanwar marigayin, ta matso, ta ja baya, ta sake matsowa.

"Yaya, wane ne wannan?"

"Makancewa kika yi? Wanki ne mana!"

"Wallahi Yaya Idrisu ba shi da tabo. Mai manyan idanu ne, ga wushirya. Dubi bakin 'yarki."

Barakatu ta dubi bakin Djamila, ta dubi allon. Ta zauna a ƙasa. Ta san fuskar nan sarai. Sau ɗaya ta taɓa ganinta, ranar da mai ita ya sunkuyo yana fizge keke daga hannun Idrisu.

Ta riƙe hannun Djamila ta janye shi daga allon.

"Kar ki taɓa," ta ce. "Ashe tun kafin a haife ki, ɗan iskan nan nake nema wa aljanna."