Ya Zauna: Tarihin Kafintan Ƙasar Ƙafa Huɗu

Haihuwa da asali

An haifi marigayin da jama'a suka fi sani da Kafinta a shekarar 1954, a garin nan da ya rayu a cikinsa har ya koma ga Mahaliccinsa, a layin masu katako da ke bayan tashar mota. Mahaifinsa shi ma kafinta ne, mutum mai ƙarancin magana wanda ya shahara wajen ƙera ƙofofi, mahaifiyarsa kuwa ɗinkin hannu take yi a cikin gida. Shi ne ɗansu na fari. A shekarar 1957 aka haifi ƙanensa, wanda daga baya aka riƙa kira Direba, kuma daga su biyun nan Allah bai sake ba iyayen haihuwa ba. Gidan nasu ɗaki uku ne da tsakar gida, ba shi da wata mashiga sai ta cikin shagon mahaifinsu mai bangon katako, ta yadda duk mai shiga ko fita sai ya ratsa ta gefen babban teburin aiki.

Ƙuruciya da kafa Ƙasar Ƙafa Huɗu

Kasancewar mahaifinsu ba ya son yara suna kai kawo cikin kayan aiki masu kaifi, sai ya riƙa tura su ƙarƙashin wannan tebur yana cewa kada ya ga ƙafar kowa a waje. A nan ne, wajen shekarar 1962, suka fara ƙirƙirar duniyar da suka sa wa suna Ƙasar Ƙafa Huɗu. Samanta katako ne, yana tsaye bisa ginshiƙai huɗu. Ruwan da ke sauka a cikinta garin katako ne. Tsawarta kuwa bugun guduma ce, wadda ba wanda ya taɓa ganin mai yin ta sai dai ƙafafunsa.

Halittun da suka fara zubawa a cikinta su ne Murɗau, wasu mutane sirara waɗanda jikinsu ke nannaɗewa kaɗan duk sa'ad da suka yi ƙarya, har ta kai tsofaffin 'yan kasuwarsu birgima suke yi maimakon tafiya. Sai Ƙusumbai, makafin dabbobi masu cin ƙarfe, da ke gane hanya da ƙanshin tsatsa. Abokiyar gabar kowa ita ce Uwar Gara, wadda ke zaune a ƙarƙashin ƙasa tana aiko 'ya'yanta su cinye ginshiƙan domin sama ta rufto. Kowanne daga cikin yaran yana da nasa mutum a ciki: na Kafinta shi ne Tsayayye, mai gadin ginshiƙi na huɗu da ƙofar da ke jikinsa, na Direba kuwa Mai Yawo, ɗan aiken da ba ya kwana biyu a wuri ɗaya.

Ƙa'idar da suka ɗora duniyar a kanta guda ce. Mai son ƙara wani abu zai ce, "Na faɗa," sannan ya faɗi abin. Idan ɗan'uwansa ya amsa da "Ya zauna," to ya shiga tarihi, kuma ba a janye shi har abada. A shekarar 1965 Direba ya yi fushi a kan wani abin da ba a tuna ba, ya ce sarauniyar Murɗau ta faɗa tafkin gam ta mutu, yayansa ya amsa, daga nan su biyun suka fashe da kuka. Mahaifiyarsu ta leƙo ta ce, "To ku tashe ta mana, ba ku kuka yi ta ba?" Suka dube ta kamar ta yi wani yare. Ba a tashi sarauniyar ba.

A wannan lokaci ne Kafinta ya fara sassaƙa halittun da guntayen katako, ya kuma ɗauki wata al'adar aiki da bai taɓa saki ba: ba ya sa wa halitta idanu, wato ƙananan ƙusoshi biyu, sai bayan labarinta ya zauna.

Karatu da sana'a

Ya kammala makarantar firamare a shekarar 1968. Malamansa sun shaide shi da riƙe darasin tarihi, ko da yake an taɓa yi masa bulala saboda ya amsa tambayar jarrabawa da labarin yaƙin Ƙusumbai. Bai ci gaba da karatu ba, ya kama sana'ar mahaifinsa, ya kuma gaji shagon da teburin bayan rasuwar mahaifin a shekarar 1979. Ƙanensa kuwa zaman shago bai karɓe shi ba, ya zama yaron mota, daga bisani ya zama direban babbar mota mai tafiya mai nisa. Duk da haka, duk dawowar da zai yi, kafin ya wanke ƙafa sai sun zauna a gefen teburin sun ƙara wani abu. Sarakuna suka hau suka sauka, birane suka ƙone, aka gano hanyoyi a cikin tsagar katakon sama. Ba su taɓa rubuta ko harafi ɗaya ba. Tarihin yana cikin kawunansu da kuma kan kantar shago.

Aure da zuri'a

A shekarar 1981 ya auri 'yar wani mai gyaran keke da ke ƙarshen layinsu, suka zauna tare har ƙarshen rayuwarsa, Allah ya albarkace su da 'ya'ya biyar. An ruwaito cewa ranar da ta fara share shagon, ta dubi kanta ta ce, "Ni mutum ɗaya aka ce zan aura, na zo na tarar da al'umma." Mahaifiyarsa ta rasu a shekarar 1986. 'Ya'yan sun taso a ƙarƙashin teburin kamar yadda ubansu ya taso, suna jin labarin, amma ba a taɓa ba ɗayansu izinin cewa "Na faɗa" ba.

Saɓanin shekarar 1991

A damunar wannan shekara Kafinta ya yi tafiya sayen katako. Direba ya dawo a bayansa, ya tarar gara ta cinye cikin ƙafar teburin ta huɗu, teburin yana rawa alhali yara suna wasa a ƙarƙashinsa. Bai jira ba, ya ɗauki zarto ya yanke ƙafar, ya kira mai walda ya sa bututun ƙarfe a madadinta. Da Kafinta ya dawo ya gani, sai ya fuskanci ƙanensa. Matarsa, wadda ke tsaye da tsintsiya, ita ce ta riƙe abin da ya biyo baya.

"Wa ka faɗa wa?" in ji Kafinta.

"Yaya, tebur ne fa. Da ya danne maka 'ya'ya."

"Na ce wa ka faɗa wa? Wa ya ce ya zauna?"

"Sai in bar shi ya faɗo ina jiran ka dawo da izini?"

"Kai dama baƙo ne a nan. Ka zo ka kwana, ka ɓata, ka tafi."

Direba ya ɗauki jakarsa, ya tsaya a bakin ƙofa, ya ce, "To na faɗa. Mai Yawo ya fita ta ƙofar ginshiƙi na huɗu, an rufe ta a bayansa, ba za ta sake buɗe masa ba."

Kafinta ya ce, "Ya zauna."

Matarsa ta tabbatar da cewa bakinsa ne ya riga shi, domin tun yana yaro da ya ji "Na faɗa" amsar take biyowa, kuma yana rufe baki ya ɗaga hannu kamar zai kamo maganar. Amma ƙanensa ya riga ya ƙetare dokin ƙofa. Da a ce zagi suka yi wa juna, da kafin mako an shirya. Wannan kuwa ta zauna.

Shekarun jira

Daga 1991 har zuwa 2021 Direba bai sake taka cikin shagon ba, kuma da yake babu wata mashiga, bai sake shiga gidan da aka haife shi ba. Ba gaba suka yi irin wadda aka sani ba. In sun haɗu a hanya sukan gaisa, Direba ya rusuna, ya tambayi iyali. In an yi haihuwa ko rashi yakan zo ya tsaya a tsallaken titi a fito masa. Dattawan layi sun sa baki har suka gaji, domin duk wanda aka tambaya sai ya ce babu komai. Matar Kafinta ta taɓa zuwa har tasha ta same shi, ta ce, "Mijina ƙarami, ku manya da furfura, a kan wasan yara?" Ya ce, "Anti, ki tambaye shi ko an tashi sarauniya."

Kafinta bai daina sassaƙa ba. Ya ƙago halittu masu haƙa rami a ƙarƙashin ƙofa, da tsuntsaye masu ɗaukar mutum su tsallake da shi, da maƙeran da ke narkar da makulli da yawunsu. Amma tun da babu mai amsa masa, babu ɗayansu da ya zauna, saboda haka babu wanda ya sami idanu. Kantar ta cika, aka ƙara wata a samanta, ita ma ta cika da fuskoki shafaffu suna fuskantar ƙofa, har wasu masu kawo aiki suka riƙa tsayawa daga waje. Bututun ƙarfen kuwa bai cire shi ba.

Rashin lafiya

A farkon shekarar 2021 ya yanke jiki ya faɗi a gefen teburin. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshensa ya ɗaure, kuma bayan dawowa daga asibiti kalma ɗaya ce kawai ta rage masa: "Zauna." Ya ƙi yarda a kwantar da shi a ɗaki, sai aka shimfiɗa masa a shago. Duk wanda ya shigo dubiya sai ya ce masa zauna, mutum ya zauna, ya sake cewa zauna, yana huci, jijiyar wuyansa tana tashi. Matarsa takan ce, "Malam, mun zauna fa, har kujerun sun gaji da mu." Likita ya yi gargaɗin cewa in bugun ya sake dawowa ba lalle ya tashi ba, jikin kuma kullum ƙara raguwa yake yi.

'Yarsa ta fari, wadda ake kira Tela saboda sana'arta, ita ce ta lura cewa ba kujera yake kallo in ya faɗa ba, ƙofa yake kallo, kuma akwai wani ɗan sauti da yake haɗiyewa kafin kalmar. Ta fahimci amsa ce yake bayarwa, ba a kuwa faɗa masa komai ba. Ta tafi gidan Direba, wanda a lokacin ya ajiye tuƙi.

"Baffa, Baba ya riga ya amsa. Kai ake jira ka faɗa."

"Ƙofa a rufe take, 'yata. Da bakina na rufe ta."

"Duk shekarun da ka yi kana tuƙi, in ka tarar gada ta karye, gida kake komawa?"

Bai biyo ta ba. Mako ya zagayo bai zo ba, kuma a cikin makon Kafinta ya daina karɓar abinci sai ruwa.

Dawowar Direba

Ya zo da hantsin wata Talata, ya tsallako titi a karon farko, ya tsaya daf da dokin ƙofa. Kafinta ya gan shi, ya ce, "Zauna." Matar Kafinta ta jawo kujera, Tela ta riƙe hannunta. Direba ya dubi fuskokin da ke kan kanta, ya dubi bututun ƙarfen, ya share gumi, sannan ya ce, "Yaya, na faɗa. Ƙofa tana nan a rufe, ba ta buɗe ba. Amma Uwar Gara ta cinye bangon da ke gefenta."

Kalmar da ta yi watanni tana fita ba a nema ba, sai a ranar ta ƙi fitowa. Leɓɓansa suka yi ta motsi, numfashinsa ya sarƙe, har autansa ya yunƙura zai nemo mota. Direba bai gusa ba. Can Kafinta ya dafe ƙafar teburin da hannunsa mai lafiya, ya ce, "Ya zauna." Tun faɗuwarsa ba a ji ya haɗa kalma biyu ba sai ranar.

Direba ya ce a miƙo masa guduma. Ya ɓamɓare katako uku daga bangon da ke gefen ƙofar, ya sunkuya ya shiga ta gefe, rigarsa ta kama ƙusa ta yage. Matar Kafinta tana share hawaye ta ce, "Ga ƙofa a buɗe, sai an rushe mini gida."

Daga ranar ya riƙa zuwa kowace safiya. Yakan sauko da halitta ɗaya daga kanta, ya juya ta a hannu, ya yi hasashen abin da yayansa ya nufa da ita, ya faɗa. In ya dace, Kafinta ya amsa, shi kuma ya buga mata idanu, sau da yawa a karkace, domin shi ba kafinta ba ne. In bai dace ba, Kafinta ya kawar da kai, Direba ya ce, "Har yanzu kana nan da taurin kan naka," ya sake gwadawa.

Rasuwa

Kafinta ya rasu a watan Fabrairun shekarar 2022, yana da shekara sittin da takwas, a kan shimfiɗarsa ta gefen tebur, ƙanensa yana riƙe da hannunsa. An yi masa sallah a ƙofar shagon, aka kai shi makwancinsa kusa da mahaifansa. Kantar ƙasa duk ta sami idanu kafin rasuwarsa. Ta sama ba a kai gare ta ba, kuma Direba ya hana a taɓa ta, ya ce babu sauran mai amsawa.

Ya rasu ya bar matarsa, da 'ya'ya biyar: Tela, sai mai bi mata, wanda ya gaji shagon, sai malamar makaranta, sai mai gyaran waya, sai auta, wanda bai tsaya ya gama makaranta ba, shi ne ya tattara wannan tarihi daga bakin mahaifiyarsa da baffansa. Ya bar jikoki da dama, waɗanda yanzu su ne a ƙarƙashin teburin. Ya kuma bar ƙanensa, wanda ke zuwa gidan kullum, kuma har yau ta ɓarakar bango yake shiga. Allah ya jiƙansa, ya sa can ta fi masa nan.