Ƙafar Datti da Wasan Taurari

Duk wanda ya san Datti a Anguwan Rogo ya san ba ya iya zama wuri ɗaya. Haƙar kuza ce ta kawo kakansa Jos, mahaifinsa kuma tela ne, amma shi da aka zaunar da shi gaban keken ɗinki bai jima ba ya tsere. Daga baya tuƙin Keke Napep ya karɓe shi. Ya yi shekaru yana kai da kawo tsakanin Gada Biyu da cikin gari, har ranar da aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, keken ya zame ya danne masa ƙafar dama.

Mai ɗori ya ɗora karayar, ya kuma gaya masa gaskiya: in ya taka ƙafar nan kafin ƙashi ya haɗe, to shi da ɗingishi har abada, tuƙi kuwa sai dai ya ga ana yi. Amma tun a makon farko matarsa Kausar ta kama shi yana dafa bango zai leƙa waje.

Rwang, abokinsa mai gyaran waya da kwamfuta a Gada Biyu, shi ya samo dabara. Ya zo dubiya da lemo da wata tsohuwar kwamfuta. A cikinta akwai wasan sararin samaniya: a ba ka duniya guda ka raya ta, ka ƙera jirage, ka tura su zuwa taurari, ka yi hulɗa da wasu halittu masu nasu duniyoyin. Rwang ya ce masu sharhin wasanni a intanet sun yi kaca-kaca da shi, wai ya cika nawa, sai ka gaji da jira kafin jirgi ɗaya ya isa inda ka aike shi.

"Shi ya sa na kawo maka," in ji shi. "Kai ma ai ba inda za ka."

Nawar nan kuwa ita ta kama Datti. In ya tura jirgi sai ya ce bari ya ga isarsa, in ya isa sai wani aikin ya taso. Da jiragensa suka samo masa duniya ta biyu, ya raɗa mata suna Daɗin Kowa, don ta fi ta farko iska. Kuma yadda yake zama da maƙwabta haka ya zauna da halittun nan. Kowa ya haɗu da shi sai ya fara da gaisuwa da kyauta.

Wata rana da hantsi wasu masu kai kamar na fara suka nemi izinin sauke jiragensu a duniyarsa. Datti bai yi wata-wata ba ya buɗe musu, domin a gidansu ba a taɓa barin baƙo a ƙofa ba. Kafin azahar sun ƙwace komai, har da Daɗin Kowa.

Ransa ya ɓaci ƙwarai. Ya rufe kwamfutar, ya ce Kausar ta miƙo masa takalmansa, gara ya koma titi da ya kwanta fara tana cin amanarsa. Ta ce to, bari ta nemo su. Ta fita tsakar gida ta kira Rwang a waya, takalman kuma suka ƙi samuwa har ya iso.

Rwang ya ji labari, ya yi dariya har da riƙe ciki. "Oga, sojoji ka gani da makamai, ka shimfiɗa musu tabarma?"

"Sallama fa suka yi," in ji Datti.

Sai Rwang ya ciro wayarsa ya shiga karanta masa sharhin mutane yana fassarawa. Wani ya rubuta cewa halittun wasan ba su san alkawari ba, wani ya ce masu kan fara sun cinye shi shi ma, ya rantse ba zai ƙara taɓa wasan ba. Datti ya kasa kunne. Ashe a can wata ƙasa akwai wanda aka yi wa irin tasa. Ya tambaya ko akwai wanda ya taɓa ramawa. Rwang ya duba, ya ce ba su da yawa, don abin yana cin makonni. Datti ya gyara matashi, ya ce a miƙo masa kwamfutar.

Bai rama ba, gaskiya. Sau biyu suka sake korarsa. Amma yana cikin shirin karo na gaba mai ɗori ya zo ya kwance karan ɗorin, ya lallatsa ƙaurin, ya ce ya miƙe. Datti ya taka a hankali zuwa bakin ƙofa, ya juyo, ƙafa sumul. Kausar ta yi hamdala, ta je ta ɗauko takalman daga bayan buhun masara.

Yanzu ya koma kan kekensa. In hira ta kawo wasan, yakan ce masu sharhi ba su yi ƙarya ba, yana da nawa, mutanen cikinsa kuma ba su da amana. Sai ya taka birki da ƙafar dama, ya sauke fasinja, ya ce duk da haka waɗanda suka ƙera shi, ko su wane ne, Allah Ya saka musu da alheri, su da Rwang.